Kafin Mu Tura 'Ya'yanmu Karatu Waje

Edita,

Don Allah ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan tura yara karatu ƙasashen waje.

Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da ke Khartum a Sudan ta daɗe tana jan ɗaliban Arewa. Ga ɗakunan kwana, ga masallaci da ɗakin karatu, yaro ya zauna da 'yan ƙasashe daban-daban, ya ƙware a Larabci. Shi ya sa wani kan sayar da shanu ko gona ya tura ɗansa.

Amma da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu, 2023, ruwa da wuta suka yanke, bankuna suka rufe. Da ƙyar aka kwashe yaranmu a motocin safa zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can kafin jirgi ya kawo su Abuja. Da yawa sun dawo karatu bai ƙare ba.

To jama'a, kyan gini ba ya tsare yaro. Mu binciki zaman lafiyar ƙasar tukuna. Yaro ya yi rajista da ofishin jakadancin Nijeriya, fasfo da takardun sakamakonsa su zauna hannunsa, kuɗin dawowa kuma a ajiye gefe. Rigakafi ya fi magani.

Naka mai karatu,
Daga Kano.