Kada Shinkafa Ta Mantar Da Mu Kaɗanya

A ƙasar Maroko, kusa da birnin Rabat, akwai wani daji da ake kira Ma'amura. Itacen da ya fi yawa cikinsa Larabawa suna ce masa balluɗ. Ganyensa kore ne rani da damina, da ɓawonsa ake yin marfin kwalba, 'ya'yansa kuwa da zaƙi, talakawa sukan tsinta su ci, su sayar a bakin hanya. Amma masanan daji na can suna kuka, don tsinta da kiwo sun yi yawa, har ƙananan itatuwa ba su samun tasowa.

To, jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu a ƙasar Bunkure balluɗinmu shi ne kaɗanya da ɗorawa. Daga ƙwarar kaɗanya ake samun man kaɗe, daga kalwa ake yin daddawa. Mata da yawa da su suke rufa wa kansu asiri.

Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ya iso Kadawa da Kura da Bunkure, shinkafa da alkama da tumatir suka wadata. Mun gode Allah. Sai dai wajen gyaran filayen ban ruwa an tuge itatuwa, waɗanda suka saura a tudu kuwa gatarin masu gawayi yana bin su. Kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma sare ta aikin yini guda ne.

Manomi zai ce inuwa tana rage shinkafa, saiwa tana fasa hanyar ruwa. Gaskiyarsa. Ba mu ce a dasa cikin fadama ba. Ina gonakin tudu, da filin makaranta, da bakin hanya?

A zamanin En'e malamin daji ke tsare itatuwan amfani. Yau nauyin yana kanmu. Ya ku malaman makaranta, ku sa kowane aji ya shuka kalwa, ya yi mata shinge saboda awaki. Ku ma'aikatan ƙaramar hukuma, ku haɗa kai da dagatai a hana sare mai 'ya'ya. Kakanninmu suka bar mana, muka ci. Mu me za mu bari? Allah ya sa mu gane, amin.