INJIN ZUCIYA, WA ZAI BA SHI WUTA?

Jama'a, akwai wani ɗan inji da likitocin Amurka da Turai ke sa wa mutum a ƙirji in zuciyarsa ta gaji har magani ya daina ci. Ba cire zuciyar a ke yi ba. Famfo ne, a kan liƙa shi a gindin ɗakin hagu na zuciya, ya riƙa zuƙo jini yana tura shi cikin babbar jijiya. Likita Michael DeBakey na birnin Houston shi ya fara cin nasara da irinsa a 1966, ya riƙe wata mata da shi kwana 10 har zuciyarta ta farfaɗo.

Ba mu raina wannan hikima ba ko kaɗan. A 2001 an buga sakamakon wani gwaji a Amurka: cikin kowane 100 da aka sa wa injin, 52 suna da rai bayan shekara guda, amma cikin masu shan magani kaɗai 25 ne. Dick Cheney, tsohon mataimakin shugaban Amurka, an sa masa a 2010, ya rayu da shi har aka dasa masa zuciya a 2012. Irin na yanzu kuwa jini ya ke turawa ba tsayawa, har a kan taɓa wuyan hannun mutum a rasa bugu, ga shi kuwa zaune yana cin abinci!

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Waya ce ke fitowa ta fatar ciki zuwa batir. Batir ya ƙare, famfo ya tsaya, mai shi yana bakin kabari. Da dare a kan jona shi da wutar bango. Kullum sai ya sha maganin hana daskarewar jini, ana auna jininsa a kai a kai, ana wanke bakin wayar don kada ya ruɓe. Watau injin nan ba ya zama sai inda a ke da lantarki da asibitin kirki kusa.

Mu tambayi mahukuntanmu, a wace unguwa ta talakawa ce wuta ke kwana? A 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Manya in ƙirji ya motsa sai jirgi, sai London.

Alhali kuwa abin da ke gajiyar da zukatan mutanenmu sananne ne: hawan jini da ba a auna ba, ciwon makogwaro na yara da ke lalata ƙofofin zuciya, da ciwon zuciyar masu jego, wanda likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970. Ma'aunin hawan jini bai kai kuɗin tayar motar minista ba. Muna neman a kai shi kowane ɗakin shan magani na ƙauye, da ƙwayoyinsa, da ma'aikacin da a ke biya kan kari. Wakilanmu su tashi a Majalisa su tambayi ranar da za a fara.