Albashi Na Rarrafe, Kuɗin Magani Na Sukuwa

Mai karatu, ɗaga murya don na bayan zaure su ji.

Malam manomi, kada ka ce zancen albashi na mutanen birni ne. Ɗanka masinja ne, ko mai gadi, ko malamin firamare. Ran da tsohuwa ta kwanta, wa ake aika wa? Shi ne. To, ga lissafi.

A 2019 aka yanke mafi ƙarancin albashi Naira 30,000. A lokacin, kuɗin nan ya haura Dalar Amurka 80. A Yulin 2024 aka mai da shi Naira 70,000, aka yi ta guɗa, alhali bai kai Dala 50 ba. Za ka ce ina ruwanka da Dala? Ai yawancin maganin da ke kemis, ko kayan haɗa shi, daga waje ake sayo su, musamman Indiya da Sin. Naira ta faɗi, ƙwayar zazzaɓi ta hau.

Ga kuma fetur. Kafin a cire tallafi a Mayun 2023 lita ba ta kai Naira 200 ba. A ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kai maras lafiya asibiti ma ya zama aiki. Kuma dokar albashin nan ba ta shafi ɗan ƙwadago a gona ba, ba ta shafi inda ma'aikata ba su kai 25 ba.

Ina koyarwa na ga yaro mai ƙoƙari ya bar aji, don an jinginar da gonar ubansa an biya kuɗin tiyata. Ciwo ɗaya ya cinye gona, ya cinye karatu.

A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya Naira 15 cikin kowace 100 ta kasafi. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cikawa ba. A 2022 aka yi dokar inshorar lafiya, har da asusun marasa ƙarfi. Wa ya san sunansa a ciki a ƙauyenku?

Saboda haka, duk ɗan takarar da ya zo, ku tsai da shi a gaban jama'a. Nawa zai ware wa lafiya? Yaushe magani zai iso asibitin ƙauye? Zai riƙa ƙara albashi daidai da tsadar kasuwa? In ya amsa da sabulu da atamfa, ku tuna ba sa biyan kuɗin allura. Ku adana katinku, ku fito ran zaɓe.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.