Tsumman da Ke Cin Fentin Motocinmu

Duk wanda ya mallaki baƙar mota a Zinyau ya san wannan ciwon. Da rana ta take, sai ka ga jikin motar ya cika da siraran zane kamar saƙar gizo. Nan take sai mu juya kan yaron da ke wanke ta: "Kai ka lalata min fenti!" Wani har ya hana shi kuɗin aikinsa. Laifi tudu ne. Wa ya miƙa masa bokiti ɗaya, da tsohuwar singileti, da garin Omo?

Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, da jar ƙasar da muke kwasa tsakanin Rano da Kibiya, duk akwai ƙwayar yashi a cikinsu, ita kuwa ta fi fentin mota tauri nesa ba kusa ba. Shafin da ke saman fenti, wanda shi ke ba mota sheƙi, kaurinsa bai kai na silin gashi ba. To kullum da safe muna ɗaukar busasshen tsumma mu goge ƙurar nan, muna ganin tsafta muke yi. Kankare motar muke yi da hannunmu. Omo kuma yana wanke man kariyar da ke kai, ya bar fentin tsirara.

Sai kuma mu ruga wajen gyaran gangar Abzinawa. Wani ya shafa mata mai, ta yi ƙyalli na kwana biyu, wanki ɗaya zanen ya dawo, domin cike shi aka yi kawai. Wani ya dirar mata da injin folish, yana rage shafin saman nan. Kowane gugu yana cin wani abu da ba ya tsirowa. Ranar da ya ƙare, sai fenta, kuma dillalin da zai saya yana ganin sabon fenti zai ce motar ta taɓa haɗari, ya karya farashi.

Za a ce ruwa na tsada, jarka ake saye wajen ɗan ga-ruwa. Haka ne. To in babu ruwa, a bar ƙurar ta zauna. Ƙurar da ke kwance ba ta karce komai sai an ja ta. In akwai ruwa, a fara watsawa ƙasar ta sauka kafin hannu ya taɓa. Bokiti biyu: ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye tawul. Tawul mai laushi, a ja shi a miƙe daga sama zuwa ƙasa, a cikin inuwa. Na taya daban. In ya faɗi ƙasa, ya gama aiki sai an wanke shi. Zanen da farce ba ya kamawa, folish mai sauƙi da hannu zai rage shi a gida. Wanda farce ya kama kuwa, a kai wa masana.

Mun iya tara miliyoyi mu sayo mota daga Kwatano, amma bokiti na biyu ya gagare mu. Kafin mu sake daka wa ɗan wani tsawa a ƙofar gida, mu dubi abin da muka ɗora masa a hannu.