RA'AYI: RUWAN ALHAZAI NA RATAYE DA BUTUTU

Duk alhajin da ya buɗe famfo a Mina ko Arfa ya yi alwala, da wuya ya tsaya tunanin daga ina ruwan ya fito. Da yawa suna ɗauka Zamzam ce. To ba ita ba ce. Rijiyar Zamzam ta sha ce da neman albarka, amma ruwan alwala da wanka da girki na miliyoyin baƙin Allah, mafi yawansa ruwan teku ne, wanda aka cire wa gishiri a Shu'aiba, a gaɓar Bahar Maliya kudu da Jidda, sannan aka turo shi ta bututu har Makka. Matata ɗaya daga cikin matatun Shu'aiba an gina ta ne don ta riƙa fitar da lita miliyan 880 a kullum, wato jarka miliyan 35 da ɗoriya, irin mai cin lita 25 ɗin nan.

Mahukuntan Saudiyya suna alfahari da waɗannan matatu, kuma gaskiya ne babu ƙasar da ta kai su tace ruwan teku. Sai dai abin da ba a cika faɗa wa jama'a ba shi ne, matata ba ta shayar da kowa sai gwargwadon abin da bututu ya iya ɗauka. Bututu yana da iyaka: faɗinsa, da ƙarfin injinan da ke tura ruwan, da girman tankunan da ke karɓa. Idan matata ta tace tulu goma, bututu kuma tulu bakwai yake ɗauka, to tulu bakwai jama'a za su gani, sauran ukun suna bakin teku. Kuma ruwa ba ya hawan tudu da kansa. Makka tana sama da teku, Ɗa'ifa kuwa tana kan duwatsu masu tsawon sama da mita 1,800, don haka dole injina su yi ta aiki dare da rana. Ranar da wuta ta ɗauke musu, ranar ruwa ya tsaya.

Wannan ba zato ba ne. Birnin Riyadh yana shan ruwan da ake turowa daga Jubail, tafiyar sama da kilomita 460 cikin hamada, tun farkon shekarun 1980. A shekarar 2008 ofishin jakadancin Amurka ya rubuta wa Washington wata wasiƙar sirri, wadda daga baya ta fito fili, cewa idan aka lalata matatar Jubail ko bututunta ko wutar da ke tafiyar da su, sai an kwashe mutanen Riyadh cikin mako guda. Kafin nan, a Yaƙin Tekun Fasha na 1991, man da aka malalar a teku ya doshi wannan matata har sai da aka gitta shingaye don kare ta. Bayan an buɗe yaƙin Yemen a 2015, hare-hare sun kai yankin matatar Shuƙaiƙ da ke kudu. Kai hari kan ruwan shan jama'a haramun ne ko wane ne ya kai, haka nan jawo yaƙi kusa da shi ganganci ne da rayukan Musulmi.

Yanzu a auna wannan da kwanakin Hajji. A 2019 alhazai sun kusan kai miliyan biyu da rabi, duk a wuri guda, cikin kwana biyar ko shida. A 2023 Nijeriya kaɗai an ba ta kujeru 95,000. A 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma hukuma da kanta ta ce mutum 1,301 suka rasu. Wannan ya faru ne alhali famfuna suna zuba. Ina ga ranar da bututu ya fashe, ko injin ya tsaya, alhazai suna tsaye a Arfa? A irin wannan rana abin tambaya shi ne, bututu nawa ne na ko-ta-kwana, kuma ruwan kwana nawa ke ajiye a tanki?

Magabata sun fahimci wannan tun da daɗewa. Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, da ta ga wahalar ƙishirwa da alhazai ke sha, ba ta tsaya kan samun idon ruwa ba. Ta zuba dukiyarta aka gina magudana daga Wadi Nu'uman, ta ratsa duwatsu ta iso Arfa, da wuraren tara ruwa a kan hanya. Wannan magudana ta shayar da alhazai sama da shekara dubu, babu inji, babu mai, kuma har yau ana kiranta da sunan wannan baiwar Allah. Ta gane cewa ruwan da bai iso bakin mai ƙishirwa ba, bai zama sadaka ba tukuna.

Ba a musun cewa an ƙara matatu, an shimfiɗa sababbin bututu, an gina manyan tankuna a Makka da Jidda. Amma ƙasar da a 2017 ta shelanta cinikin makamai na dala biliyan 110 da Amurka, ba ta da uzurin barin ruwan Harami ya rataya da 'yan layukan ƙarfe. Haramaini amana ce ta al'ummar Musulmi baki ɗaya, ba gadon gida ɗaya ba ce, don haka al'umma tana da haƙƙin ta yi tambaya a ba ta amsa.

Kiran wannan jarida a fili yake. Kowane ƙarin matata ya zo da ƙarin bututu daidai da shi, ta hanyoyi daban-daban, yadda in ɗaya ya samu matsala ɗaya zai riƙe. A bayyana wa duniyar Musulmi adadin ruwan da ke ajiye kafin kowane Hajji. Hukumomin alhazai, har da na Nijeriya da Nijar, su daina tsayawa kan masauki da kuɗin guzuri kawai, su tambayi batun ruwa. Sannan a nisanta yaƙi daga Bahar Maliya, domin daga nan baƙin Allah suke sha.

Allah Ya tsare ɗakinSa da masu ziyartarsa, Ya shayar da al'umma daga tafkin ManzonSa (S). Amin.