A Bar Mu Mu Yi Kuka a Gidan Ubanmu

Wai tun yaushe faɗin gaskiya ya zama zunubi a majami'unmu? Ka ce zazzaɓi ya kama ka, a ce maka tuba, ka ce kana da ƙarfi. Ka ce buhun taki ya gagare ka bana, a ce da harshenka kake kiran talauci. Mace ta binne ɗanta jiya, yau an zagaye ta ana cewa ta share hawaye, wai mai bi ba ya baƙin ciki. Haba jama'a!

Ni Bahaushe ne, Kirista, ɗan ƙasar Kankiya, kuma abin nan ya kai mini iya wuya. Kai ma ka san irin wa'azin da nake nufi. Shi ne wanda ke shigowa ta wayoyin yaranmu, masu taron farkawa kuma su kwaso shi daga birni su juye mana a ƙauyukan Kankiya da Kusada: yi tunanin alheri, furta nasara, shuka iri, komai zai daidaita. In bai daidaita ba fa? To laifinka ne, bangaskiyarka ce ta gaza. Mai wa'azi ya kama hanyar Kano da baikon a aljihu, kai kuma an bar ka da yunwarka, an ƙara maka da zargin kai.

Wannan koyarwa ba daga manzanni ta fito ba. Wani fasto ne a birnin New York na Amurka, Norman Vincent Peale, ya fitar da littafinsa kan ƙarfin kyakkyawan tunani a 1952, masu bisharar arziki suka ɗora nasu a kai, har ta cika Najeriya. Yau ita ake karanta wa manomin gero wanda, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mashin zuwa asibiti ma sai ya sayar da akuya. Ita ake karanta wa wanda ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan bindiga. Wannan mutumin za ka ce wa matsalarsa tunaninsa ne? Tusa ba ta hura wuta, Baba Fasto.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, Littafin da suke ɗagawa sama suna ihu bai goyi bayansu ba. Akwai littafi sukutum a cikinsa mai suna Makoki. Zabura cike take da kukan mutanen da suka ga kamar Allah ya juya musu baya, kuma ba a goge ko ɗaya ba. Ayuba ya yi ƙorafi har ya la'anci ranar haihuwarsa, amma a ƙarshe abokansa masu iya tsara magana Allah ya tsawata wa. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Shi ma rashin bangaskiya ne? Yesu kansa ya tsaya a kabarin Li'azaru ya yi kuka, alhali ya san zai tashe shi. Wane ne kai da za ka hana gwauruwa abin da Ubangijinka ya yi a bainar jama'a?

Kada wani ya ce ina gāba da sa zuciya. Na ga matan zumunta suna waƙa a gidan makoki, hawaye na zuba, suna kuma ɗora tukunya don marayu su ci. Ba su yi wa kowa ƙaryar cewa babu ciwo ba. Haka ma 'yan mishan na SIM da suka karɓi aikin kutare a Babbar Ruga ta Katsina a shekarun 1930: miki suka wanke, magani suka bayar. Biyu daga cikin ukun da suka fara wannan mishan, Gowans da Kent, sun sauka Legas a 1893, kafin 1894 ta ƙare duk sun rasu. Da a yau ne, sai a ce ba su iya furta nasara ba.

Kuma wannan wasa yana cin rai. Mai hawan jini ya ajiye ƙwayoyinsa don an ce shan magani shakka ce. Mai ciki ta ƙi zuwa awo, ƙafa na kumbura, tana cewa lafiya lau, ga babban asibiti a Kankiya, ga makarantar koyon aikin lafiya a garin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma mu an koya mana ɓoye shi har gaban likita. Sai an kai gawa makabarta a ce nufin Allah ne.

Dattawan ikkilisiya, ku kuke ba da bagade, ku za ku iya hanawa. Duk wanda ya zo zai ce wa mayunwaci ya yi murmushi, ku tambaye shi mudu nawa na dawa ya kawo. Baikon taron farkawa na gaba kuma a ƙirga shi a gaban kowa, a ware na gwauraye da na masu jinya kafin baƙo ya shiga mota.