Sharhi: Cokalin farko a wata shida, da abin da ke cikin ƙoƙon kunun jariran Kagarko

A kowace shekara, daga 1 zuwa 7 ga Agusta, Najeriya na bin sahun ƙasashen duniya wajen gudanar da Makon Shayar da Nonon Uwa. A Ƙaramar Hukumar Kagarko da ke kudancin Jihar Kaduna, wannan mako yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da hatsin bara ya ja baya a rumbu, sabo bai nuna ba, iyaye mata kuma na wuni a gonakin citta da masara da doya. A irin wannan yanayi ne uwa ko kaka ke yanke hukuncin da zai bi yaro har girmansa: yaushe za a fara ba shi wani abu ban da nono, kuma me za a ba shi?

Amsar da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, suka bayar a fili take, kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ɗauke ta a matsayin manufar ƙasa. A sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwarsa, a shayar da shi nonon uwa zalla har ya cika wata shida, daga nan a fara ba shi ƙarin abinci, a kuma ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Tun shekarar 2001 WHO ta tsayar da wata shida a matsayin ma'auni, ta kuma sake jaddada shi a ƙa'idar ciyar da yara 'yan wata 6 zuwa 23 da ta fitar a 2023.

Alƙaluman ƙasa sun nuna tazarar da ke tsakanin wannan manufa da abin da ke faruwa a gidaje. Binciken Al'umma da Lafiya na Najeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya gano cewa kashi 29 cikin 100 ne kacal na jariran da ba su kai wata shida ba ake shayar da su nono zalla, yayin da kashi 11 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 23 ne ke samun abincin da ya kai mafi ƙarancin ma'aunin da ake buƙata. A wannan bincike, kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57, a Jihar Kaduna kuwa kusan rabin yaran ne. Binciken da ya biyo baya, na 2023 zuwa 2024, ya nuna tsumburewar ta haura zuwa kashi 40 cikin 100 a faɗin ƙasa.

Masana abinci mai gina jiki sun daɗe da lura cewa girman yaro ya fi tauyewa tsakanin wata shida da shekara biyu, wato daidai lokacin da yake sauyawa daga nono zuwa abincin gida. Illar da aka yi wa tsayinsa da ƙwaƙwalwarsa a wannan tsakani tana da wuyar gyarawa daga baya, kuma ita ce ke sake bayyana a aji, da kuma wajen neman abin kai idan ya girma.

Kuskure na farko shi ne gaggawa. A gidaje da yawa, ana fara ɗura wa jariri ruwa tun makonnin farko bisa tunanin cewa ƙishirwa na damunsa, sannan a bi shi da koko ko kunu tun yana wata uku ko huɗu idan ya yawaita kuka. Alhali kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma yana kashe ƙishirwar jariri ko da a cikin bazara. Duk abin da aka cika masa ciki da shi yana rage yawan nonon da zai tsotsa, raguwar tsotso kuma na rage nonon da jikin uwa ke samarwa. Daga nan sai uwa ta ga nono ya yi ƙaranci, ta ƙara yawan kunu, matsalar ta ci gaba da ninkuwa. Ƙari a kan haka, ruwan rafi ko na rijiya marar murfi na shigar da ƙwayoyin cutar gudawa cikin hanjin da bai yi ƙwari ba. Wannan ne dalilin da ya sa Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da gangamin hana bai wa jarirai ruwa kafin wata shida a shekarar 2019.

Kuskure na biyu shi ne jinkiri, kuma ba a cika maganarsa ba. Idan yaro ya cika wata shida, nono shi kaɗai ba ya biyan dukkan buƙatarsa. Sinadarin ƙarfen da aka haife shi da shi, wanda jiki ke haɗa jini da shi, yakan kusa ƙarewa a wannan lokaci, nono kuma ba ya ɗauke da isasshe. A ƙididdigar WHO, yaro mai shan nono na buƙatar ƙarin kalori kimanin 200 a rana daga abinci tsakanin wata 6 zuwa 8, kimanin 300 tsakanin wata 9 zuwa 11, da kimanin 550 daga shekara ɗaya zuwa biyu. Uwar da ta jira har wata tara ko goma saboda yaro ya tofar da cokalin farko, ta bar shi cikin haɗarin ƙarancin jini da rama. Tofarwa a kwanakin farko ba ƙin abinci ba ne, harshe ne ke koyon sabon aiki. Yaron da ya iya riƙe wuyansa, yana zama idan an tallafe shi, yana kai hannu ga abin da manya ke ci, ya nuna alamun da ake jira.

Kuskure na uku, wanda ya fi yaɗuwa, yana cikin ƙoƙon kansa. Kokon da aka tace aka tsinka shi da ruwa don ya bi ta bulumboti ko a ɗura shi da hannu, yawancinsa ruwa ne da ɗan gasara. Cikin ɗan wata shida bai wuce ƙaramin kofi guda ba a zama ɗaya. Idan aka cika shi da tsararon kunu, yaro zai ƙoshi ya yi barci, uwa ta ɗauka ta ciyar da shi, amma abin da ya shiga jikinsa kaɗan ne. Ma'aunin da jami'an lafiya ke koyarwa mai sauƙi ne: kunun jariri ya yi kaurin da zai zauna a cokali ba tare da ya zube nan take ba idan aka karkata shi.

Ana farawa da babban cokali biyu zuwa uku, sau biyu a rana, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har ya kai rabin kofi. Tsakanin wata 6 zuwa 8, yaro zai ci sau biyu zuwa uku a rana. Daga wata 9 zuwa 23 kuma sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa kamar ayaba ko gwanda sau ɗaya ko biyu. Laushin abinci ma yana sauyawa, daga damamme zuwa dagargazajje, zuwa ƙanana-ƙananan yanka da zai ɗauka da yatsunsa wajen wata takwas ko tara, har ya shiga tuwon gida idan ya shekara. A duk wannan tsakani nono bai gama aikinsa ba, domin yana iya samar da rabin ƙarfin da yaro ke buƙata ko fiye tsakanin wata 6 zuwa 12, da kusan sulusi a shekara ta biyu.

WHO da UNICEF sun kasa abincin yara gida takwas: nono; hatsi da saiwoyi; wake da dangoginsa irin su gyaɗa da riɗi; madara; nama da kifi; ƙwai; ganyaye da 'ya'yan itatuwa masu bitamin A; sai sauran kayan lambu da na marmari. Ana so yaro ya samu aƙalla biyar daga cikinsu kowace rana. Wanda ya san kasuwannin Kagarko, Jere da Kubacha zai ga babu ɗaya daga cikin takwas ɗin da sai an yo odarsa daga waje. Yankin na noman dawa, masara, gero, acca, doya, dankali, wake, waken suya da gyaɗa. Zogale, kuka, alayyahu da kabewa na bayan gida. Manja na kowace kasuwa. Fulani makiyaya na kawo nono. Kaji na yawo a tsakar gida. Kunun acca ko na dawa da aka dama da garin gyaɗa ko na waken suya, aka zuba masa cokalin manja, aka murmusa masa dafaffen ƙwai ko garin busasshen kifi, ya haɗa gida huɗu ko biyar a ƙoƙo ɗaya idan aka lissafa da nonon uwa. Garin da aka fi sani da Tom Brown, wanda ake haɗawa daga soyayyen hatsi da waken suya da gyaɗa, a kan wannan hikima aka gina shi.

Akwai abubuwan kiyayewa. Ba a ba yaro zuma kafin ya shekara, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jijiyoyin jariri. Ba a ba shi gyaɗa ɗai-ɗai don gudun shaƙewa, sai an niƙa. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a ajiya na ɗauke da gubar afulatoksin mai lahanta hanta, don haka a tsince ruɓaɓɓu kafin a kai niƙa. Madarar shanu sai an tafasa. Lemon kwalba, alewa da shayi ba abincin jariri ba ne, kuma sukari da gishiri ba su da gurbi a kununsa. Kunun da aka dama da safe ya wuni a gindin bishiya a bakin gona yana iya zama sanadin gudawa da yamma. Wanke hannu da sabulu, da amfani da kofi da cokali maimakon bulumboti, na daga cikin matakan kariya mafi arha.

Idan abincin yana nan, me ya hana shi isa bakin yaro? Dalili na farko kuɗi ne. Citta ita ce ƙashin bayan tattalin arzikin iyalai da yawa a Kagarko, Kachia da Jaba, kuma cutar da ta afka wa gonakinta a daminar 2023 ta jawo asarar biliyoyin naira. Wannan ya zo a shekarar da aka janye tallafin man fetur, kafin hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Gidan da ya rasa kuɗin citta yakan sayar da ƙwai da wake da gyaɗarsa ga masu saye zuwa Abuja, ya bar wa kansa masara. Matsalar tsaro da ta raba wasu ƙauyuka da gonakinsu ta ƙara tsananta lamarin.

Dalili na biyu lokacin uwa ne. A 2019 Gwamnatin Jihar Kaduna ta amince da hutun haihuwa na wata shida ga ma'aikatanta mata, matakin da ya sa ta cikin jihohin farko da suka yi haka. Sai dai wannan hutu na mai karɓar albashi ne. Matar da ke noma ko fere citta ko kai kaya kasuwa ba ta da ofishin da zai ba ta hutu. Takan koma aiki da goyo a baya, ko ta bar shi wurin yayarsa da kwanon koko.

Dalili na uku shi ne wanda ke da ta cewa a gida. A asibiti uwa ake yi wa bayani ranar awo ko rigakafi, amma a gida kaka ko uwar miji ce ke cewa yaro ya isa shan kunu, maigida kuma shi ke yanke ko za a sayar da ƙwai ko a dafa. A wasu gidaje har yanzu ana zubar da dakashi, nonon farko mai kauri da ke ɗauke da garkuwar jiki, ana kuma hana yara ƙwai bisa camfi. Faɗakarwar da ta tsaya a kan uwa ita kaɗai ta bar masu hukunci a waje.

Jihar Kaduna ba baƙuwa ba ce ga shirye-shiryen yaƙi da tamowa. Tana cikin jihohi 12 da suka amfana da shirin ANRiN mai tallafin Bankin Duniya, tana kuma gudanar da Makon Lafiyar Mata da Ƙananan Yara, inda ake ba yara daga wata shida bitamin A tare da auna damtsensu. Gwamnati ta ɗauki manufar samar da ingantacciyar cibiyar lafiya a matakin farko a kowace mazaɓa cikin 255 da jihar ke da su. Abin da ya rage shi ne waɗannan cibiyoyi su zama wuraren da ake kunna wuta a dama kunu a gaban iyaye da kayan da ke kasuwar garin, a gayyaci kakanni, ungozomomi da magidanta, a kuma sa limamai, fastoci da masu unguwanni cikin aikin. Haka ma malaman gona na da rawar takawa wajen ƙarfafa wa kowane gida ware wani abu daga waken suya da gyaɗar da ya noma domin yara kafin a ɗaure buhu.

Maganin tamowa mai tsanani yana da tsada, kuma mafi yawansa ya dogara ne ga tallafin waje da ke raguwa. Yaron da awon damtsensa ya gaza santimita 11.5 sai an kai shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Amma kafin a kai ga haka, akwai watanni 18 tsakanin cokalin farko da yaye, waɗanda ƙwai ɗaya, cokalin manja da dunƙulen garin gyaɗa a kunun safe za su iya hana shi isa wannan mataki. Ga iyalan Kagarko da sauran sassan ƙasar nan, tambayar da ta dace kowane gida ya yi wa kansa da dare ita ce: cikin gida takwas ɗin nan, nawa yaron ya ci yau?